Hadiza Ta Riga Ni Isa

Cadawa, daren Talata

Bayana duk ciwo yake, amma sai na rubuta wannan kafin in kwanta.

Da asuba na raka ƙanwata Hadiza filin jirgin Yamai, ta tafi Istanbul karatun likita. Tun jiya Inna ta rantse ba za ta sa komai a baki ba sai ta ji Hadiza ta sauka, ga Innar kuma da ciwon ciki. Kawu Sani ne ya ce mata kwana biyu ake yi a sama. Na ce ko awa bakwai ba za a cika ba. Ya yi dariya ya ce, "Ku 'yan lakol, 'yan boko, komai a takarda kuka san shi."

Ina cikin motar dawowa, mun wuce Ƙonni kaɗan, Madawa na gabanmu, sai ga kiran Hadiza. Ta sauka lafiya, har ta yi magana da Inna!

Bayan isha'i na iso gida, na tarar Inna ta ci tuwonta. Na gaya wa Kawu inda kiran Hadiza ya same ni. Can ya ce, "Wato ita ta ƙetare teku, kai ko Madawa ba ka kai ba?"

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Ya jinjina kai, ya matsa mini wuri kan tabarmarsa.