Ranar da Inna Ta Sake Taɓa Kaba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Yaya jiki, yaya zaman Kwatano? Mu nan Malanville lafiya lau, alhamdu lillahi.

Labarin Inna zan ba ki. Ran Asabar mu masu saƙar tabarma munka taru a kurmin goriba na hanyar Madekali, don mu saƙa ƙaton kifi na kaba, mu rataye shi tsakanin itatuwa jama'a su zo kallo. Na lallashi Inna ta bi ni, ko iska ta sha.

Matan Madekali sunka fara daga kai, mu daga wutsiya. Da munka haɗu a tsakiya sai abu ya ƙi, domin saƙarsu dama take bi, tamu hagu. Har an fara cacar baki, wasu na cewa a kwance tamu.

Inna na zaune a inuwa, sai ta ce, "Ku jiƙa mini kaba." Kin san tun rasuwar Baba hannunta bai taɓa ta ba. Ta durƙusa ta yi wa kifin ɗamara, irin bakin da take yi wa tabarmar sallarsa, gefe biyun sunka kama juna.

Da za mu taho, ta ɗaure sauran kabar ta rungumo abinta har gida.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Goggo Mariya. In kin samu mai zuwa, ki aiko da galura, ja da kore. Inna ce ta ce in faɗa miki.

Ƙanwarki,
Rabi