Tabon Farar Riga

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ya yara?

Lafiyata ƙalau, sai gajiyar ido. Ina nan ina rubuta wa kamfanin sabulu bayanai a intanet, ina maimaita kalma ɗaya don injin bincike ya ɗaga shafinmu. Mutane na leƙowa su fice. Oga ya ce in aka sake haka, in nemi wani aikin. Ban ga laifinsa ba. Ni ma rubutun ba ya karantuwa gare ni.

Yanzu an ba ni yadda ake cire tabo daga farar riga. Sai na tuna Inna a bakin famfo, tana cuɗa rigar makarantata tana min faɗa. Don Allah ka naɗo min muryarta tana bayani. Kada ta rage faɗan.

Ƙaninka