Tun da Na Saya wa Baba Waya Mara Igiya, Ba Mai Gaishe Ni

Shida da kwata: ɗora ruwan wankan Baba.

Anti, ki yi haƙuri da layin nan na sama. Daga littafin da nake rubuta ayyukana na kullum na yago takardar, kuma ba na son gogewa. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ya dame ni ƙarami ne, har ina jin kunyar kawo shi filin da ake kawo manyan matsaloli, amma yau kwana tara ke nan ya hana ni sukuni.

Shekarata arba'in da biyu. Ina aiki a ɗakin kati na wani asibiti, ni ke nemo wa marasa lafiya fayil in mayar da shi inda yake. Aurena ya mutu da daɗewa, ban haihu ba, na dawo gida. Bayan rasuwar mahaifiyarmu sai gidan ya rage daga ni sai Baba. Yayana da ƙanwata, Auta, kowa yana garinsa da iyalinsa. Sai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta raine shi tun yana ƙarami, ita ma tana nesa.

Baba ba ya riƙe wayar hannu. Hannunsa na rawa, kuma ya ce shi ba ya magana da gilashi. Wayar gida ce tasa, tsohuwa mai igiya, tana falo a kan ɗan teburi kusa da taga. Lambarta ta girmi Auta. Daga ɗakinsa zuwa falon, da sanda da ciwon gwiwa, minti huɗu ne. Na auna har sau uku, haka halina yake.

In wayar ta yi ƙara ni ke ɗauka. In ƙwala wa Baba kira, in tsaya riƙe da ita. Mai kira ba yadda zai yi, dole ya gaishe ni. Yaya zai tambayi aiki, ya tsokane ni da Sakatariyar Baba, ya tambaya ko na rubuta yawan tarin da tsohon ya yi yau. Auta za ta ba ni labarin yara, wane ya yi haƙori, wane ya fasa kofi, wani lokaci ta rage murya ta gaya mini abin da mijinta ya yi mata. Gwaggo kuwa faɗan rama take yi mini, alhali rabonta da ganina shekara uku. Sai in ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda ya iso, in miƙa masa. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba.

Wata uku da suka wuce, ina wurin aiki, waya ta yi ƙara, Baba ya taho da sauri ya faɗi a ƙofar falo. Bai karye ba, amma gefen fuskarsa ya kumbura. Washegari na sayo waya mara igiya.

Na karanta ɗan littafin da ya zo da ita sau biyu kafin in taɓa komai. Na zare igiyar layi daga tsohuwar na sa a mazaunin sabuwar, na jona mazaunin da wuta, na saka batir, na bar ta kan caji awa goma sha shida kamar yadda aka ce. Na ƙara ƙarfin ƙararrawa har ƙarshe. Na sa lambar Gwaggo a maɓalli na ɗaya, Yaya a na biyu, Auta a na uku, na rubuta hakan da manyan baƙaƙe na manna a bayanta. Na zagaya gidan da ita a kunne don in san iyakarta: tana kaiwa bakin ƙofar gida, daga nan sai ta fara shuu, in ka fita titi ta yanke. Baba ya jujjuya ta ya sa mata suna Mara Wutsiya. Kwana biyu ya ƙware, har yana danna sifika ya ajiye ta a kan ciki yana hira a kwance. Na ji daɗi ƙwarai, na rubuta cewa na yi abin kirki.

Sai bayan mako uku na lura. Waya na ƙara a ɗakin Baba, yana ɗauka. Ina kicin ina jiyo dariyarsa. In ya gama, wani lokaci ya ce suna gaishe ni, wani lokaci ya manta. Na duba littafina na ga kwana ashirin da biyu ban ji muryar Yaya ba. Ina da wayar hannu, muna da zauren 'yan gida, amma ba abin da ke shigowa sai hotuna da addu'o'in da ake turawa kowa. A wurin aiki kuwa ta ƙaramar taga nake magana, lambar kati ake ba ni, fayil nake miƙawa. Ashe minti huɗun nan su ne hirata duka.

Anti, a nan na ɓata. Ranar Lahadi da la'asar suka fi kira. Sai na fara shiga ɗakin Baba bayan azahar in ce batir ya yi ƙasa, bari in kai ta caji. Batir a cike yake. Ba na ma ɗora ta, a aljihun rigata nake sawa. In ta yi ƙara in ɗauka, mu gaisa, in taka a hankali zuwa ɗakinsa, har da tsayawa gyara labule. Lahadi huɗu na yi haka. Kowace Lahadi na rubuta cewa wannan ce ta ƙarshe.

Ta biyar ɗin, man gwiwar Baba ya ƙare, na fita kantin magani na ƙarshen layi. Na manta tana aljihuna. Na tarar da mutane, na yi wajen minti arba'in. A cikin wannan lokacin aka kai Gwaggo asibiti, aka ce sai an yi mata aiki nan take. Ta roƙi wata nas aron waya, ta kira lambar gidanmu, ita kaɗai ta haddace. Sau biyar ta kira. So take ta ji muryar ƙanenta su yafi juna kafin a shiga da ita. Mazaunin wayar ba ya ƙara, sai ita wayar, ita kuma tana jikina a bakin kanti.

Gwaggo ta fito da rai, amma har yau ba ta iya magana, likitoci sun ce a jira. Da Baba ya ji labari daga bakin Yaya, ya tambaye ni ina wayar take. Na ce tana caji. Ya ce ba laifina ba ne, laifin Mara Wutsiya ne da kullum take jin yunwa, in maido masa tsohuwarsa wadda shekara talatin ba ta taɓa neman abinci ba. Ya ce ya gwammace ya riƙa takawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro, da ya faɗi haka wani gefen zuciyata murna ya yi. In na yi shiru, tsohuwar waya za ta dawo, hirata ta dawo, ba wanda zai taɓa sani. Amma Baba zai koma sauri da sanda a kan wannan simintin. In kuwa na faɗa, da wane ido zan dube shi? Mace mai shekara arba'in da biyu tana ɓoye waya a aljihu don a ce mata ya aiki. Tsohuwar wayar tana cikin kwali a saman kabad, na ce masa sai na sayo igiya. Ko ni muguwa ce ban sani ba? Me zan yi?

Abin da ya rage na gobe:
Sayo ƙwan fitilar banɗaki.
Wanke zanen gadon Baba.
Kiran 'yar Gwaggo (ban iya ba yau).
Kwalin saman kabad.

Taki,
Mai Ɗakin Kati

AMSA

Ƙanwata Mai Ɗakin Kati,

Ke ba muguwa ba ce. Muguwa ba ta zagaya gida da waya a kunne don ta san inda muryar mahaifinta za ta kai. Amma kin yi ƙarya, kin maimaita ta, kuma ta jawo wa tsofaffi biyu asarar da ba lallai a iya mayarwa ba. Ba zan rage miki nauyin wannan ba, ke ma ba ki nemi in rage ba.

Sai dai ba ke kaɗai za a duba ba. Kina ɗauke da gida da tsoho ke ɗaya, 'yan uwanki kuma sun saba samun ki a kan hanya, ba su taɓa tashi musamman don neman ki ba. Ba na jin da gangan suka yi. A wurinsu ke ce wadda komai nata a tsare yake, mutum irin wannan kuwa ba a cika tuna cewa yana bukatar a tambaye shi ya ya kwana ba. Su ba su san an rasa wani abu ba, domin ba ki faɗa ba.

Ki fara da Gwaggo, ita ce ba ta da lokacin jira. Ki kira 'yarta gobe da safe, ki roƙe ta ta kara mata waya a kunne, ki danna wa Baba sifika ki fita ki ja musu ƙofa. Ba sai ta amsa ba. Mai jinya da yawa yana ji ko da baki bai buɗe ba, kuma abin da Baba yake son faɗa yana nan a ƙirjinsa yana cin sa.

Bayan nan ki gaya masa gaskiya, a ranar, kafin ki sami damar sake lissafi. Kada ki tsawaita. Ki ce wayar lafiyarta lau, a aljihunki take, ki faɗi dalili kamar yadda kika faɗa mini, ki nemi gafara. Zai iya yin fushi, zai iya yin kwanaki bai sake miki fuska ba, haƙƙinsa ne, ki jure. Amma hukuncin da ya yanke na komawa takawa a kan ƙaryarki ya gina shi. In ya sake faɗuwa, wannan shirun ba za ki iya zama da shi ba.

Ta fuskar wayar, ki sayo doguwar igiyar layi ki mayar da mazaunin gefen gadonsa, yadda ba za ta sake barin ɗakin da sunan caji ba. Tsohuwar ma ki sauko da ita. Akwai ɗan abin da ke raba layi biyu, masu kayan wuta suna da shi. Ki jona ta a ɗakinsa ita ma, don mara igiya ba ta aiki in an ɗauke wuta, mai igiya kuwa yawanci tana yi. Ya sami tsohuwarsa ke nan ba tare da ya taka ko'ina ba.

Saura ke. Minti huɗu na jiran wani bai isa ya zama rabonki na zumunci ba, ko da ya dawo. Ki kira Auta da wayarki, ba a zauren 'yan gida ba, ki ce kina kewar hirarta, ku tsai da rana ɗaya a mako. Yaya ma ki gaya masa kai tsaye, in ya tsokane ki ki rama. Za ki ji nauyin roƙo a karon farko, na sani. Ki yi duk da haka. Kuma a asibitin nan da kike, akwai wadda ke cin abincin rana ita kaɗai kamar ke. Ki ja kujera kusa da ita.

Allah Ya ba Gwaggo lafiya, Ya buɗe bakinta, Ya sanyaya zuciyar Baba a kanki, ke kuma Ya haɗa ki da masu neman ki don kanki.

Antinku