Tef a But ɗin Mota

Talata, 2 Agusta 2016

Zouera ta bugo daga Damagaram. An yi wa mijinta Issoufou aikin maƙogwaro, murya ta tafi ke nan. Ya rubuta mata a takarda: "Ki ce wa Manaja ina son in ji kaina." Manaja! Rabon da a kira ni haka tun Sabon Garin Kano, lokacin da nake jan ragamar 'Yan Ƙusa, samarin da ba su iya jita ba amma sun iya tada unguwa. Issoufou ne mawaƙinsu. Ni na kama musu wurin wasa, ni na yi belinsu, ni na ɗauki waƙarsu a tef guda. Kuma yana wurina.

Juma'a, 5 Agusta

Na ɗauko shi. Tun zuwana Riyad yake ɗakin sanyin kafilina, wato ubangidana, a kasuwar Aziziya, bayan kwandunan tumatir, wai ina ɓoye shi daga zafi. Danshi ya cinye shi. Ya yi danƙo kamar alewa. Ko abinci ban iya ci ba.

Asabar, 6 Agusta

Akwai wani tsoho Basudane mai gyaran rediyo a unguwar Dira, yana da na'urar kunna irin wannan tef. Ya shinshina tef ɗin, ya dube ni kamar na yanka masa akuya. "Ya zol, bawan Allah, sanyi ne ya kashe shi. Gasa shi za ka yi." Na ɗauka zolaya ce. Ya ce zafi busasshe, ba wuta ba, kuma rana kyauta ce.

Litinin, 8 Agusta

Yana but ɗin mota cikin gwangwanin biskit, na ajiye ta a tsakiyar rana. Matata Safiyatu ta ce, "Maigida, in ya nuna a sa masa yaji?" Mace ke nan. Ban yi dariya ba sai da ta fita.

Laraba, 10 Agusta

Zouera ta ce jikin ya ɗan matsa. Na ce mata gobe, in sha Allahu. Da wane tabbaci?

Alhamis, 11 Agusta

Ya yi! Alhamdu lillahi. Tsohon ya ɗora shi, ya juya, sai ga Issoufou yana tsaga shagon da ihunsa. Na zauna a kan wata matacciyar talabijin. Aka juye min a waya.

Amma ga ta nan, tsohuwar rigimarmu: Issoufou yana riga ganga shiga a kowane baiti. A ƙarshe har da tarinsa, da muryata ina cewa a sake, da shi yana cewa, "Manaja, gangar ce ta makara." Tsohon ya ce zai iya daidaita shi a kwamfuta ya yanke surutun. Abin da na so yi ke nan tun ina da gashi. Na ce ya bari in yi tunani.

Lahadi, 14 Agusta

Na tura shi yadda yake. Rashin lokaci ne kawai.

Zouera ta aiko da bidiyo. Issoufou ya rame sosai, yana kwance yana buga ƙarfen gado da cokali. Da aka zo wurin gardamar sai ya nuna wayar, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Na bi cokalin da ƙafata. Har yanzu yana riga ganga. Yau dai ni na bi shi.