Jinin da Baba ke kira matacce

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Na zo garinmu Sara hutu daga makarantarmu ta koyon jinya a Birnin Kudu. Baba ya rame. Daga zaure zuwa rijiya sai da ya tsaya sau biyu yana haki. A bayansa sabon shatin ƙaho, har shida. Maikano, abokin wanzancinsa, shi ke yi masa duk wata.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na tuna ina ƙarama, ranar kasuwar Gwaram, ni ke riƙe masa tasa in ya cire ƙaho. Sai ya nuna mini gudan jini baƙi ƙirin, ya ce, "Kin gani, Ruqayya? Matacce. Shi ke hana mutum sakat." A lokacin ban san wani mai ilimi a duniya kamar ubana ba. Ina kewar yarinyar da nake a lokacin.

Talata, 8 ga Oktoba

Asibiti. Jinin Baba ya ragu sosai. Likita ya ba da magani, ya ce a dakatar da ƙaho, in ba haka ba zuciya za ta gaji.

Asabar, 12 ga Oktoba

Baba ya ce likita yaro ne. Na zauna na yi masa bayani: jini na ɗaukar iskar oksijin daga huhu, jajawur, ya raba wa jiki, sannan ya kwaso gurɓatacciyar iska ya dawo da ita huhu a fitar. A hanyar dawowa ne yake yin duhu, ba mutuwa ya yi ba. Na ce, "Baba, ɗan dako ne ya dawo da kaya, kai kuma kana rage 'yan dakon."

Ya daɗe yana kallon zabirarsa. "Shekara arba'in ke nan mai rai nake zubarwa?"

Ni da bakina kamar reza, na ce eh.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Inna ta bugo waya: Baba ya je masallaci da ƙafarsa, bai tsaya ba ko sau ɗaya. Alhamdu lillahi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ina gida. Wani mutumin Fagam ya zo da ciwon baya, yana neman ƙaho. Ina jin Baba daga zaure: "Na bari. Bari a kira maka 'yata, ta fi ni sanin jini."

Abin da nake so ke nan, ai. Na ce wa Inna ta ce ina salla. Har mutumin ya tafi ban fito ba.