Na Kira Aikin Mahaifina Lalube a Gaban Jama'a

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, sati uku ke nan ko littafi na kasa buɗewa.

Ni ɗan Yako ne ta ƙasar Ƙiru, ina ajin ƙarshe a jami'a. Mahaifina maɗori ne, gadon kakanni, har daga Doguwa ake kawo masa masu karaya a kan babur. Tun ina yaro nake riƙe masa karan ɗori, ina ganin yadda yake shafa ƙafa yana neman inda ƙashi ya goce. Kullum ina cewa a raina da ma yana iya ganin ciki.

Shi ya sa na zaɓi zana ƙaramar na'urar hoton ƙashi a furojet ɗina, wadda za a goya a babur, ta yi aiki da batir. Shekara guda ina fama, in na rage dalmar da ke tare hasken ta yi sauƙin ɗauka amma ta cutar da mai riƙe ta, in na ƙara ta yi nauyi, ga bututun da ke fitar da hasken yana saurin zafi. Har yanzu zane ce a kwamfuta, kuma wallahi don Baba na yi ta.

Ranar gabatarwa wani malami ya tambaye ni amfaninta a ƙauye. Ni da ba na iya magana a taro, na rikice, na ce masu ɗori lalube suke yi kamar makafi. Aka yi dariya, wani ya ɗauki bidiyo, kafin Juma'a ya zaga wayoyin garinmu.

Da na je gida na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar baƙo. Bai yi faɗa ba, kawai ya ce bai san makaho ne ya raine ni ba. Aka kawo yaro mai karaya na miƙe zan riƙe masa, ya kira ɗan ƙanensa. Inna ta ce in bar shi ya huce.

Yanzu malamin da ke duba furojet ɗina yana so in zauna mu ƙera na'urar bayan na gama, ni kuma duk lokacin da na buɗe zanen fuskar Baba nake gani. In bar aikin in koma gabansa har ya yafe, ko in ci gaba ba da albarkarsa ba? Waɗanda suka taɓa kunyata mahaifi, da wane baki kuka koma?