Facin Takalmin Hagu

Gundumar Wilcox, Alabama
Oktoba, 1926

Zuwa ga Yayana Lemuel,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, sanyin Detroit bai taɓa maka ƙirji ba. Ubangiji ya tsare ka daga injinan nan da ake cewa suna cin yatsu. Mu nan lafiya lau. Mun gama tsinkar abin da ƙwaro ya rage mana na auduga. Ƙafar Kaka Viney ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kaji. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban yi nisa a makaranta ba. Kuma wannan ba Baba ne ya sa ni ba, ni kaɗai nake rubutawa a bayan rumbu.

Hotonka ya iso. Mama ta yi ta kuka. Baba ya tafi da shi coci yana nuna wa kowa ɗansa da kwat da malafa da sarƙar agogo, kana tsaye ka dafa mota. Kawu Ezell ya ce wai yanzu sai mun yi wanka kafin mu ambaci sunanka, kai da ka bar garin nan iska na shiga ta gindin wandonka. Tun ranar Baba ba shi da zance sai Arewa, can wajenku. Ya ce kowa a ƙasar nan yana ta yin arziki, mu kaɗai aka bari muna kallon wutsiyar alfadari. Ya ce zai sayar da gonar da kakanmu ya bari, da alfadarinmu Janar, mu biyo ka kafin Kirsimeti.

Ka tuna Mista Culpepper, Baturen da gonarsa ta kewaye tamu, wanda ya daɗe yana son rafinmu? Mutumin da bai taɓa kiran Baba da komai ba sai “yaro”. To, ya zo har ƙofar gida, ya kira Baba da sunansa, Isom, ya miƙa wa ƙaninmu Rufus alewa. Ya ce ya ji labarin ɗaukakarka, bai kamata uban mai mota ya ci gaba da duƙawa a rana ba. Yaya, ban taɓa ganin haƙoran mutumin nan ba sai ranar, kuma ban so ganinsu ba. Zai dawo jin amsa a farkon watan gobe.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Maƙwabciyarmu Goggo Arzula ta kira ni in karanta mata wasiƙar ɗanta Cleophus, shi ma yana can garinku. Sai na ga hotonsa a bango. Motar nan ce. Malafar nan ce, da sarƙar. Har itacen da ke bayanku ɗaya ne, da gajimaren da ke samansa, bai ko motsa ba. Kwat ɗin ta yi wa Cleophus yawa, kai kuma hannunta bai kai maka wuyan hannu ba. Na tsaya ina kallo har Goggo ta ce in son ɗanta nake yi in faɗa, in daina zare ido kamar saniya. Kunya ta kama ni, na gudu.

Da na dawo na ɗauki naka na fita da shi rana. Kowa fuskarka yake kallo, ni na kalli ƙasa. Takalmin da ka tafi da shi ne a ƙafarka. Ga facin nan a gefen na hagu, wanda na yanka daga tsohon linzamin Janar na ɗinka maka, har allura ta soke ni. Ina jin mai hoton yana ba da aron komai, ban da takalmi.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Wataƙila Mama kake so ta ji daɗi. Wataƙila kuma da gaske kana da mota, takalmin ne kake ƙauna. Ban faɗa wa kowa ba, ka san bakina ba ya buɗuwa a gaban Baba. Amma in gonar nan ta shiga hannun Mista Culpepper, ba za ta sake fitowa ba, kuma Kaka ta ce ita dai a gefen mijinta za a binne ta, nan cikin gonar.

Na san duk abin da ka rubuto ni zan karanta shi a gaban kowa, shi ya sa ba za ka iya faɗa ba. To, ba sai ka faɗa ba. In da gaske akwai wurinmu a can, rubuto yadda ka saba. In babu, a ƙarshen gaisuwarka ka ce a gaida maka Janar. Kowa zai yi dariya, ni kuwa zan gane. A ranar zan ajiye hotunan biyu a gaban Baba.

Mama da Baba suna sa maka albarka. Kaka Viney ta ce ka riƙa rufe wuyanka. Rufus ya ce ka ajiye masa wurin zama kusa da direba. Ka gaida Cleophus, ka ce masa malafar ta fi yi masa kyau.

Ka yi sauri, Yaya. Jiya na ga Baba yana wanke Janar.

Taka ƙanwa,
Ozella